Rantsuwa a Kan Kafireta

Ba a daɗe da juya hannun tuƙi a ƙasar nan ba, motoci suka koma bin dama, Mailafiya ya jawo wa kansa abin da mutanen unguwarsu a Kontagora suka kira haukan bayan furfura. Mota ya sayo daga Auna, in dai za a kira abin mota. 'Yar ƙarama ce, ƙasa-ƙasa kamar kwalekwale, kujera biyu rak, ba rufi, sitiyarinta a dama irin na da. Tayoyi sun zube, kaji sun yi shekaru suna ƙwai a mazaunin direba, jan fentinta ya koɗe ya koma launin ƙasa. Ta wani Bature ce, injiniya, da ya yi aiki a madatsar Kainji. Wata rana ta kife da shi a wata kwana kusa da Auna, aka kwashe shi, ba a sake ganinsa ba. Wasu sun ce a hanyar asibiti ya cika, wasu sun ce gida ya koma da ƙafa ɗaya. Ita dai motar aka tura ta gindin wata tsamiya aka manta da ita.

Mailafiya ya san ta tun tana da rai. Ya daɗe yana jan tifa a ma'aikatar ayyuka, yana kai dutse bakin dam, kuma ba sau ɗaya ba motar nan ta zo ta wuce shi yana nishi a kan hawa, ta bar masa ƙara a kunne. Tun lokacin ta shiga ransa ta zauna. Da ya ajiye aiki, wasu tsaransa suka buɗe shago, wasu suka koma gona, shi kuwa ya sa aka ɗoro masa ita a bayan wata akori-kura, aka sauke ta a kangon da ke jikin gidansa.

Kangon nan tsohuwar garka ce. Katanga ta kewaye shi ta gefen titi, da ƙyauren langa-langa mai kwaɗo. Hanyar shigarsa ta yau da kullum biyu ce: wata 'yar ƙofa daga cikin gidan Mailafiya, sai kuma zanar da ta raba shi da bayan gidan maƙwabcinsa Markus, wadda ake ɗagawa a wuce.

Shi Mailafiya mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma Allah ya yi shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema. In tela ya ɗinka masa riga sai ya auna ƙyallen da ya rage. Mutum ɗaya ne a duniya zarginsa bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne Markus. Bakambare ne daga wajen Salka, manomi, mai bin addinin Kirista, wanda ya tare a unguwar tun 'ya'yansu suna rarrafe. Kullum bayan magariba mazan layin sukan fito da akusansu ƙofar gidan Mailafiya a yi ciyayya, kuma kowa ya san wurin zaman Markus, dama da maigidan. In Markus zai yanka akuya lokacin Kirsimeti, wurin liman yake kai ta a yanka, don kada maƙwabcinsa ya ga nama ya kau da kai. Matansu ma, Ruka ta Mailafiya da Rahila ta Markus, ƙawance suke na gaske, ta kan zanar nan gishiri da daddawa da asiri suke wucewa. In da za a tambayi Mailafiya abin da ya mallaka wanda ba ya so ya rasa, zai ce motar, don bakinsa ya saba, amma Markus ne.

Aka shiga aiki da rani. Suka ɗaura igiya a reshen darbejiya suka ciro injin, Markus yana ja, Mailafiya yana ba da umarni kamar wani babban injiniya. Ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya yi gini a cikin salansa, baƙin mai ya daskare ya zama kamar kwalta. Mailafiya ya kwance komai ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa a kananzir cikin tsofaffin kwanonin Ruka, ya goge da tsumma har yatsunsa suka tsattsage. Ya kai lagireto wurin mai walda, ya tsaya a kansa har aka gama don kada a canza masa. Ya kira maƙeri ya bubbuge gefen da ya lotse ranar da ta kife. Baduku ya zo ya yi wa kujerun sabuwar jar fata, yana ɗinki yana dariya, yana cewa bai taɓa yi wa mota sirdi ba. Markus bai san komai na mota ba, amma da ya dawo daga gyaran gona sai ya ɗaga zana ya shigo, ya riƙe wannan, ya miƙo wancan, ya yi ta kankare tsatsa da yashi. Wani lokaci su yi awa ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda ya gaji da zaman.

Ruka ce kaɗai ba ta ƙaunar ko ganin motar. Makara mai taya take kiranta. Ta ce abin da ya taɓa shan jinin mutum ba ya mantawa, ta ce idonsa ba kamar da ba ne, ta ce ta yi shekaru tana jiran dawowarsa daga hanya da zuciya a hannu, yanzu da Allah ya zaunar da shi gida kuma ya je ya sayo ajalinsa. Shi kuwa dariya yake mata. Wata rana da hantsi har ya kawo mata kafiretocin motar guda biyu, wato ƙarafan da ke haɗa fetur da iska su shayar da injin, ya ajiye su a kan tabarmarta suna ƙyalli, don ya kwana biyu yana goge su. Ya ce ta kalle su da kyau, tagwaye ne, kuma su ne ran motar. In ɗaya ta ɓata, shi ke nan, motar ta mutu har abada, don ko a Ikko ba a samun irinsu. Ruka ta kalle su, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da bazara ta kama, aiki ya zo gangara. Ranar da ya tashi ɗaura kafiretocin, ya ɗaga buhun da ya rufe su da shi a cikin mota, ya tarar da ɗaya.

Ya juye kangon nan kaf. Ya zazzage kwanoni, ya tona ƙasa a ƙarƙashin motar, ya leƙa har cikin tsohuwar rijiyar garkar. Kwaɗon ƙyaure yana nan lafiya, ba alamar an haura katanga. Ya tambayi Ruka, ta ce ita me ya haɗa ta da ƙarafansa, ta shige ɗaki. Ya zagaya wurin masu narka dalma su yi tukwane, yana binciken tarin tsofaffin ƙarafansu har suka yi masa rashin kunya. Ya aika Kaduna, ya aika Zariya wurin wani tsohon abokin aikinsa, amsa ɗaya ce, babu. Mailafiya ya rame a tsaye. In ya zauna a kangon ya dubi motar, sabon fenti, sabbin kujeru, ga ta kamar za ta yi magana amma ba rai, sai ya ji kamar ya haɗiyi zuciya ya mutu.

Maikuɗi tela, ɗaya daga cikin 'yan ciyayyar, shi ya fara jefa maganar. Mutum ne da ba ya faɗin abu kai tsaye, sai ya yi tambaya ya koma gefe. Suna dawowa daga masallaci ya tambayi Mailafiya, wai ban da mutanen gidansa wa ke iya shiga kangon ba tare da ya taɓa kwaɗo ba. Ya kuma ce ya ji an sa ranar auren Andarawus ɗan Markus da wata Agatha, kuma hidimar aure a wannan zamani sai wanda ya gani. Mailafiya ya yi masa tas, ya ce kada ya kuskura ya sake kawo sunan Markus a irin wannan zance. Maikuɗi ya ce shi bai ambaci kowa da sata ba, tambaya ya yi. Suka rabu a haka. Amma magana ta riga ta shiga, kuma zuciya irin ta Mailafiya ƙasa ce mai taki.

A ranar bayan magariba, ana tsakiyar cin tuwo, wani ya tambaya ko an ji labarin ƙarfen. Abin da ya daɗe yana cin Mailafiya ya taso masa gaba ɗaya. Ya tsame hannunsa daga akushi ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi," in ji shi, "duk wanda ya ɗauke kafiretar nan, ko wane ne, ko ɗan cikina ne, ko wadda nake aure ce, ba zan ƙara cin abinci ɗaya da shi ba, ba kuma za mu ƙara haɗa inuwa ba har in mutu."

Dattawa suka ce ya yi haƙuri, rantsuwa cikin fushi ba ta da kyau. Mailafiya bai ji su ba, don idonsa yana kan hannun Markus. Hannun ya tsaya cak a cikin akushi da loma a ciki, ya daɗe, sannan ya saki lomar ya janye. Markus bai ƙara kai komai bakinsa ba. Ya ce cikinsa ne ba daɗi, ya yi sallama tun kafin a kwashe kwanoni.

Daga ranar komai ya zama shaida a idon Mailafiya. Markus ya daina ɗaga zana. In sun haɗu a ƙofar gida gaisuwar a gurguje ce, idonsa a ƙasa. An ga Andarawus da sabon takalmi. Sau biyu Mailafiya yana shigowa gida ya tarar da Ruka da Rahila sun haɗa kai a bakin zana suna ƙus-ƙus, suna ganinsa suka watse. Ya ce a ransa, wato har matarsa ta sani, tana rufa wa ƙawarta asiri. Wani lokaci yakan tuna yadda Markus ya taɓa ɗaukarsa a kafaɗa zuwa asibiti da kunama ta harbe shi, sai kunya ta kama shi, ya yi istigfari. Ba a jimawa sai ya tuna hannun nan da ya tsaya a cikin akushi. Yana son Markus, kuma son ne ya sa abin ya fi yi masa zafi. Ya fi son a ce ɓarawon baƙo ne daga wata uwa duniya, amma zuciyarsa ta ƙi sakin maƙwabcinsa.

Sai ya shirya tarko. A wurin ciyayya ya sanar, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa gobe zai bi motar kasuwa zuwa Rijau, an ce akwai wani bakanike can mai tara kayan tsofaffin motoci, kuma sai yamma zai dawo. Da safe ya sa babbar riga, ya yi wa Ruka sallama, ya bi hanyar tasha. Da ya sha kwana sai ya zagayo ta bayan layi, ya buɗe kwaɗon ƙyauren a hankali, ya shige kangon, ya laɓe a bayan wani tsohon rumbu da ya rushe rabi. Dattijo da furfurarsa da babbar rigarsa, tsugune cikin ciyawa, tururuwa suna hawan ƙafarsa. Yana ta roƙon Allah kada kowa ya zo, kuma yana jira.

Rana ta ɗaga sosai sannan zanar ta motsa. Markus ya sunkuyo ya shigo, yana waige-waige, da wani ƙunshi a hammata. Ya je jikin motar, ya kwance tsumman, ƙarfen ya yi walƙiya a rana.

Mailafiya bai san lokacin da ya miƙe ba. Bai tambayi komai ba. Bakinsa ne ya buɗe da kansa, ya kwarma ihun da duk wanda ya tashi a gari ya san abin da yake jawowa: "Ɓarawo!"

Kafin ka ce me, ƙyauren da ya bari a sake ya cika da mutane, masu sanda, masu taɓarya, mata suna leƙe ta kan katanga. Da suka ga wanda ke tsaye da ƙarfe a hannu sai kowa ya yi turus. Ba wanda ya ɗaga sanda. Wani dattijo ya matso ya ce wa Markus ya yi bayani, ƙila tsintarsa ya yi. Markus ya dubi 'yar ƙofar da ke shiga gidan Mailafiya, ya dubi ƙasa.

"Ni ne na ɗauka," in ji shi. "Ga shi na kawo."

Ya ajiye kafiretar a kan jar kujera, ya ɗaga zana ya koma gidansa. Daga cikin gidan Mailafiya aka ji faɗuwar kwano da kukan mace. Mailafiya ya ce a ransa ƙawarta take yi wa kuka.

Ba a kai maganar gaban alƙali ba, ba a kira ɗan doka ba. Mailafiya ya ce ya yafe, kuma yana jin kansa mai girma da ya faɗi haka. Amma ya sa aka cire zanar aka ja katangar ƙasa a wurin. Da magariba aka shimfiɗa tabarma, wurin da ke damansa ya zauna ba kowa, har Maikuɗi ya gyara zama ya matso ciki. Tuwon bai yi wa Mailafiya daɗi ba, ranar da sauran ranakun da suka biyo. Garin kuwa ya ɗauki sunan ɓarawon da aka liƙa wa Markus ya yi ta yawo da shi. Masu ba Markus ajiyar iri a rumbunsa suka zo suka kwashe. A majami'arsu aka karɓe makullin ɗakin kaya daga hannunsa. In Rahila ta je rijiya mata su ja gugansu kusa da ƙafa.

Motar ta tashi bayan an yi shuka. Ya ɗaura kafiretocin, ya daidaita su da kunne kamar yadda ya ga ana yi, aka tura ta zuwa titi, ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta saki ƙarar nan da ya yi shekaru yana ji a mafarki. Unguwa ta fito. Ya zagaya da ita ta bakin kasuwa, ta gaban tasha, mutane suna ɗaga masa hannu, waɗanda suka kira shi mahaukaci suna cewa dama sun san zai iya. Ya ji daɗi, ba zai ce bai ji ba. Amma da ya dawo ya kashe ta a ƙofar gida, idonsa ya kai ƙofar Markus, ya gan ta a rufe, sai daɗin ya tsiyaye. Ya ce wa kansa ai laifin ba nasa ba ne.

Ruka kuwa tun ranar ihun ba ta ƙara zama daidai ba. Ta daina kitso, miyarta yau ba gishiri gobe ya yi yawa. Mailafiya ya zaci fushi take da shi saboda ya toshe mata hanyar ƙawarta, ya ƙyale ta. Sai wata safiya, yana shan koko a tsakar gida, ta zo ta durƙusa a gabansa, nesa kaɗan, kamar mai jiran hukunci. Ta ce jiya dangin Agatha sun aiko an mayar wa su Markus kayan aure, sun ce ba sa haɗa jini da gidan da aka yi wa ihu. Mailafiya ya ce Allah ya kyauta, abin da uba ya shuka ne.

"Malam, ni na ɗauke ƙarfen nan," in ji Ruka.

Ya ajiye ludayin. Ta ci gaba da magana idonta a ƙasa, muryarta ba ta ko rawa, kamar ta gaji da tsoron ma. Ta ce tun ranar da ya nuna mata su ta ƙudura, don gara motar ta mutu da ya mutu. Ta naɗe ƙarfen a tsumma ta miƙa wa Rahila ta kan zana, ta ce ajiya ce, kada ta buɗe, kada ta gaya wa kowa. Rahila ta cusa shi a rumbunsu. Markus bai sani ba sai ana gobe za a yi rantsuwar, da ya shiga ɗibar dawa ya ci karo da shi, ya tsare matarsa ta gaya masa. Yana cikin neman yadda zai ɓullo wa abin aka yi rantsuwa a gabansa. Ta ce ita ma ta ji rantsuwar daga zaure, ta ji an ce ko wadda nake aure ce, ta san aurenta ya mutu in aka gane. Markus ya aiko Rahila ta ce mata ta yi shiru, zai mayar da shi a ɓoye kowa ya huta. Da aka kama shi kuma ya sake aikowa, ya ce ta rufe bakinta har abada, shi namiji ne, zai iya ɗauka, ita kuwa ina za ta da tsufanta.

Mailafiya ya so ya yi faɗa, ya buɗe baki, faɗan ya ƙi zuwa. Ya dubi matar da suka tsufa tare, ya ga ta rame har wuyanta ya fito, kuma shi yana gidan bai lura ba. Ya tashi ya zura takalmi ya nufi gidan Liman Mika'ilu.

Liman ya saurare shi har ƙarshe. Ya tambaye shi ko da ya yi rantsuwar saki ya nufa. Mailafiya ya ce ko kusa, bai ma kawo Ruka a ransa ba, cika baki ne irin na mai fushi. Liman ya ce to aurensa yana nan, rantsuwa ce da Allah, kuma tana da kaffara: ya ciyar da miskinai goma, ya nemi gafara, ya kiyaye harshensa. Mailafiya ya fito yana jin kamar an sauke masa dutse. Ashe abin mai sauƙi ne. Ya ɗauka sauran ma haka zai zo da sauƙi.

Bai shiga motar ba, kunya ta hana shi. Da ƙafa ya bi hanyar Bangi zuwa gonar Markus. Dawa ta kai gwiwa, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana manne wa takalmi. Ya hango shi shi kaɗai a tsakiyar kunya, a sunkuye, yana noma. Ya yi sallama. Markus ya ɗago, ya amsa, ya tambayi gida da iyali kamar yadda ake tambayar baƙo.

Mailafiya ya tsuguna a bakin kunyar, abin da bai taɓa yi wa tsaransa ba. Ya ce Ruka ta gaya masa komai. Ya ce ya zo neman gafara. Da ya ga fuskar Markus ta canza, ya gane tsoron da ke ciki, sai ya yi sauri ya ce ai Ruka tana ɗakinta, ba abin da zai same ta, ya je wurin liman, rantsuwar tana da magani, tuwon mutum goma ne kawai zai bayar a wuce wurin.

Markus ya dogara da fartanyarsa ya dube shi.

"Tuwon mutum goma," in ji shi. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Mu inda na tashi, in mutum ya ɗaga yatsa ya kira Allah, maganan ya fita ke nan, ba ya dawowa. Na zauna da ku shekaru, ban san kuna da hanyan kwance shi ba. Da na sani, da tun ranan na riƙo hannun Ruka na kawo maka ita."

Mailafiya ya ce yanzu ma ba a makara ba. Zai tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya faɗi gaskiya, zai je majami'arsu ranar Lahadi ya faɗa, zai taka har gidan su Agatha da kansa. Markus ya girgiza kai. Ya ce in ya yi haka sunan zai tashi daga kansa ne ya sauka a kan Ruka, a ce ga tsohuwar da ta saci kayan mijinta ta bar maƙwabci da ihu, kuma mata ba za su bar ta ta sha ruwa a garin nan ba. In an yi haka, to shi wahalar me ya sha. Ya ce a bar shi yadda yake, Andarawus yaro ne, zai sami wata a wani gari.

"To ka dawo tabarma," in ji Mailafiya. "Yau ɗin nan zan rushe katangar. Wurinka yana nan. In mutane suka ga muna ci tare, bakinsu zai mutu."

Markus ya kankare ƙasar da ta manne a bakin fartanya da babban yatsansa. Ba fushi a fuskarsa, kuma da akwai fushin da Mailafiya ya fi jin sauƙi.

"Ihun bai dame ni kamar yadda kake zato ba, maƙwabci. Ka gan ni da kayanka a hannu, kowa ma zai yi. Abu ɗaya nake ta juyawa. Ka ce za ka Rijau, a gabana ka faɗa, da ƙarfi. Sannan ka sa babban riga ka zagayo ka tsuguna a bayan rumbu. Lokacin ba ka ga komai a hannuna ba tukuna. Wa kake jira?"

Mailafiya ya nemi abin da zai ce. Ya so ya ce ɓarawo yake jira, ko wane ne, amma ya yi rantsuwa ɗaya ta isa, kuma mutumin da ke gabansa ya san amsar.

Markus ya jira shi har ya tabbata ba abin da zai fito. Sannan ya ce a gaida Ruka, ya sunkuya ya ci gaba da nomansa, yana yin gaba cikin kunyar, bayansa yana nisa. Mailafiya ya daɗe a tsugune a wurin kafin ya iya tashi ya kama hanyar gari.